John Wesley Hyatt, Ɗan Maƙerin da Ya Nemi Madadin Hauren Giwa

A garin Tambuwal, da Kebbe, da ƙauyukan da ke tsakaninsu, in la'asar ta yi sanyi yara sukan fito dandali su yi wasa. Tun zamanin kakanni haka ake yi. A dā kayan wasan duk a ƙasa ake tsintarsu. Masu dara su haƙa gurabe 30, wannan ya ɗauki karare 12, wancan ya ɗauki tsakuwa 12. 'Yan mata su nemi 'yan duwatsu su yi carafke. Masu langa ba su bukatar kome sai ƙafa guda mai ƙarfi. Wanda ke son ƙwallo kuwa sai ya tara tsummoki, ya ɗaure su tamau da igiya.

Waɗannan wasanni suna nan har yanzu, amma an sami ƙari. Ran kasuwa mai koli yakan baza ƙwallon roba, da 'yar tsana, da usur, da 'ya'yan ludo masu launi huɗu. Samari kuma sukan kewaye teburin sinuka, suna zungurar waɗansu ƙwallaye masu santsi da ƙyalli. Duk waɗannan abubuwa da roba aka yi su.

Abin da Hausawa ke kira roba iri biyu ne. Akwai wadda ake tatsa daga jikin itace, ita ce mai talewa, wadda ake yin tayar keke da danƙon harbi da ita. Akwai kuma wadda ɗan Adam ke haɗawa da kansa a masana'anta, ya narka ta, ya zuba ta cikin mazubi, ta daskare da siffar da yake so. Ita ce ake kira filastik. Mutumin da ya fara yin wannan iri ta biyu har ta karɓu a kasuwannin duniya, sunansa John Wesley Hyatt. Abin mamaki, neman ƙwallon wasa ne ya kai shi ga gano ta.

An haifi Hyatt ran 28 ga watan Nuwamba, 1837, a wani ƙaramin gari da ake kira Starkey, cikin Jihar New York ta ƙasar Amurka. Watau a shekarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno ke nan. Ubansa maƙeri ne. Yaron ya yi makaranta, amma karatun nasa bai yi nisa ba. Da ya kai shekara 16 sai ya bar gida, ya tafi Jihar Illinois, ya shiga koyon aikin ɗab'i, watau buga littattafai da jaridu. A zamanin nan da hannu ake jera baƙaƙen dalma ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a shafa musu tawada a danna takarda bisansu. Aiki ne mai bukatar haƙuri da lura, ya kuwa koyi duka biyu.

Tun yana saurayi Hyatt ba ya iya ganin abu bai tsaya ya duba yadda aka yi shi ba, da kuma yadda za a ƙara gyara shi. Cikin 1861 ya ƙago wani abin wasa wuƙa, har hukumar ƙasarsu ta ba shi takardar shaidar ƙirƙira. Ita wannan takarda akan ba mutum ne in ya ƙago sabon abu, don kada wani ya kwaikwaya ya sayar ba da izninsa ba, sai bayan waɗansu shekaru. Daga baya ya koma birnin Albany, hedikwatar Jihar New York, ya ci gaba da aikinsa na ɗab'i.

A lokacin nan akwai wani wasa da ya shiga ran mutanen Amurka da na Turai ƙwarai, ana kiransa biliyad. Ɗan'uwan sinuka ne. Ana yinsa bisa babban tebur mai shimfiɗar ƙyalle, da dogon sanda da ƙwallaye. Su ƙwallayen kuwa ba da itace ake yinsu ba, ba da dutse ba, sai da hauren giwa. Dalili kuwa, haure yana da nauyi daidai, ga santsi, in ya bugi ɗan'uwansa yakan yi tsalle ya tafi sak. Amma ba kowane haure ke yi ba, sai lafiyayye marar tsaga. Ko lafiyayyen ma, ƙwallayen da ake fitarwa daga cikinsa ba su kai yawan yatsun hannu biyu ba.

Giwa dai ba ta ba da haurenta tana da rai. Saboda haka maharba suka bazu cikin dazuzzukan Afirka da na Asiya suna kashe giwaye. Ƙasar Hausa ma tana cikin wannan ciniki. Fatake sukan tafi Adamawa su sayo haure su kawo Kano, daga nan ayarin raƙuma su ƙetare Hamada da shi zuwa Tarabulus, tare da fatu da gashin jimina, sa'an nan a sa shi cikin jirgin ruwa a kai Turai. Ban da ƙwallo, ana yin mataji da ƙotar wuƙa da maɓallai da shi. Kullum masu bukata ƙaruwa suke yi, haure kuwa sai tsada yake ƙarawa.

Da abin ya dami masu sayar da kayan biliyad, sai wani kamfani na birnin New York, mai suna Phelan da Collender, ya yi shela cikin 1863. Ya yi alkawarin ba da dala 10,000 ga duk wanda ya samo abin da zai maye gurbin hauren giwa wajen yin ƙwallo. Kuɗin nan ma'aikacin ɗab'i sai ya yi shekaru da yawa yana aiki bai tara kamarsu ba. Hyatt ya ji labari, ya ƙudura a ransa sai ya gwada.

Ba shi da ɗakin bincike, ba shi da malami, bai kuma karanta ilmin haɗa magunguna ba. Abin da ke gare shi kawai hannu da ido da naci. Da rana yana wurin aiki, da dare kuwa yana gwaje-gwajensa. Ya fara da garin katako da dagargajajjiyar takarda, ya cuɗa su da wani irin ƙaro da ake samowa daga ƙasar Indiya, ya ɗumama, ya matse su cikin mazubi. Abin da ya fito ya yi tauri, amma bai kai haure nauyi da santsi ba.

Wani da tuni ya zubar da wannan haɗi ya ce ya yi hasara. Hyatt bai zubar ba. Ya duba ya ga ko da bai isa ƙwallo ba, ai ya isa a yi ƙananan kayan wasa da shi. Sai ya shiga yin 'ya'yan darar Turawa, da 'ya'yan wani wasa da ake kira domino, waɗanda 'yan ƙananan alluna ne masu ɗigo-ɗigo. Suka sami kasuwa, shi kuma ya sami kuɗin ci gaba da bincike. Cikin 1868 aka kafa kamfanin yin ƙwallon biliyad a Albany bisa dabarunsa.

To, a wuraren ɗab'i na zamanin akwai wani ruwa mai yauƙi da ma'aikata kan ajiye, sunansa kolodiyan. In mutum ya yanke a yatsa sai ya shafa, nan da nan ya bushe ya zama kamar 'yar siririyar fata. Ana ba da labarin wata rana kwalbar ruwan nan ta kife, Hyatt ya zo ya tarar abin da ya zube ya daskare ya yi tauri. Daga nan hankalinsa ya koma kan kolodiyan.

Asalin kolodiyan kuwa auduga ce, irin wadda ake nomawa a ƙasar Hausa. Akan jiƙa ta cikin wani ruwa mai ƙona fata da ake kira asid, sa'an nan a wanke a shanya. In an dube ta sai a ce auduga ce kurum, amma halinta ya sāke. Ta zama mai saurin kama wuta, mai ƙarfin ma har fashewa take yi kamar albarushi. Ita ake narkawa a sami kolodiyan.

Hyatt ya riƙa tsoma ƙwallayensa cikin wannan ruwa, su fito da santsi da ƙyalli kamar haure. Cikin 1869 ya sami takardar shaida a kan wannan dabara. Amma da sauran aiki. In mai shan taba ya kusantar da wuta ga ƙwallon sai ya kama. Wani lokaci kuma in biyu suka gwabzu da ƙarfi, sai a ji ƙara kamar an buga 'yar ƙaramar bindiga. Shi Hyatt da kansa ya ba da labari bayan ya tsufa, cewa wani mai gidan wasa a Colorado ya aiko masa da takarda yana kuka. Ba ƙarar ce ta dame shi ba, sai dai duk sa'ad da aka ji ta, kowane mutum a ɗakin sai ya zaro bindigarsa, yana tsammani an fara faɗa.

Hyatt ya koma ga bincike tare da ɗan'uwansa Isaiah. Suna son abin da zai yi tauri tun daga ciki har waje, ba shafe kaɗai ba. A ƙarshe suka sami maganin abin a wurin kafur, wanda ake samu daga jikin wani itace na ƙasashen Sin da Japan, shi ne mai ƙamshin nan da ake sa wa cikin adaka don korar asu. Suka niƙa audugar da aka jiƙa cikin asid, suka gauraya ta da garin kafur, suka ɗumama, suka matse da injin matsi mai ƙarfi. Sai kafur ya narke, ya narkar da audugar, suka zama abu guda. Da ya huce sai ga wani abu mai tauri kamar ƙaho. In an ɗumama shi ya yi laushi, a lanƙwasa shi yadda ake so. Ana iya yanka shi, a goge shi, a rina shi kowane launi, har a mai da shi kamar hauren giwa sak.

Wannan gwaji yana da hatsari ƙwarai, gama ɗumama irin wannan auduga da matse ta kamar wasa da albarushi ne kusa da murhu. Hyatt ya faɗa daga baya cewa da ya san irin tsoron da masana ke yi wa abin, da watakila bai yi ƙarfin halin gwada waɗansu abubuwan ba. Cikin 1870 aka ba su takardar shaida. Cikin 1872 Isaiah ya raɗa wa sabon abin suna seluloyid.

Gaskiya ita ce ba Hyatt ne ya fara tunanin yin irin wannan abu ba. Wani Bature mutumin Birmingham ta ƙasar Ingila, mai suna Alexander Parkes, ya riga ya yi wani mai kama da shi, ya sa masa suna Parkesine, har ya nuna shi a babban bajekolin Landan cikin 1862. Amma kayan da kamfaninsa ya yi sukan tsage ko su karkace, kamfanin kuwa ya karye cikin 1868. Wani abokin aikin Parkes, Daniel Spill, ya kai ƙarar su Hyatt kotu, yana cewa dabararsa suka ɗauka. Aka yi shekaru ana shari'a, sai cikin 1884 alƙali ya yanke hukunci, aka bar su Hyatt su ci gaba da aikinsu. Parkes ne ya fara buɗe hanya, Hyatt ne ya gyara ta har jama'a suka iya bi.

'Yan'uwan nan biyu suka kafa masana'anta babba a birnin Newark, cikin Jihar New Jersey. Da fari sun gwada yin dasashin da ake dasa haƙoran roba a kai. Mutane suka yi kuka, wai ɗanɗanon kafur ya cika musu baki, in sun sha shayi mai zafi kuma abin ya yi laushi. Sai suka juya ga mataji, da maɓallai, da ƙotar wuƙa, da wuyan riga, da kayan wasan yara. Nan fa kasuwa ta buɗe. A dā matajin haure sai matar attajiri, yanzu kuwa 'yar talaka ma ta iya sayen mai kama da shi da kuɗi kaɗan. Wahalar da ba ta rabu da su ba ita ce wuta, gama gobara ta tashi a masana'antar ba sau ɗaya ba.

Har wa yau cikin 1872 suka ƙago wani inji mai kama da babbar allurar likita. Ana zuba roba a cikinsa, a ɗumama, a tura ta da ƙarfi ta wani ƙaramin baki zuwa cikin mazubi. Wannan inji shi ne kakan injunan da ke yin bokiti da buta da kujera da 'ya'yan ludo a yau, har da waɗanda ke aiki a masana'antun Kano, inda 'yan kasuwa ke saro kayan roba su kai garuruwa da ƙauyuka.

To, ina labarin ƙwallon biliyad da aka fara dominsa? Nan ne abin ya zo da ban mamaki. Seluloyid bai gamsar da gwanayen wasan ba, don ba ya tsalle kamar haure. Masana tarihi kuma ba su sami wata shaida ba cewa an ba Hyatt dala 10,000 ɗin nan. Sai cikin 1907 wani masani mai suna Leo Baekeland, haifaffen ƙasar Beljiyam mazaunin Amurka, ya ƙago wata roba mai tauri wadda ba ta saurin kama wuta, aka sa mata suna Bakelite. Robar wannan dangi ce daga baya ta kori hauren giwa daga teburin wasa, da irinta ake yin ƙwallayen sinuka masu kyau har yau.

Amma seluloyid ya sami wani wasan da ya dace da shi. Wajen 1901 masu wasan ƙwallon tebur a Ingila suka gane ƙaramin ƙwallon seluloyid, marar nauyi, mai rami a ciki, ya fi kowane iri tsalle da sauri. Da shi aka yi ta wasa fiye da shekara 100, sai cikin 2014 hukumar wasan ta duniya ta koma ga wata roba wadda ba ta da hatsarin wuta. Da seluloyid kuma aka yi dogon zaren fim da aka fara ɗaukar hotunan majigi a kai.

Hyatt bai zauna ya huta don ya yi arziki ba. Ya ƙago hanyar tace ruwan sha na birane. Ya ƙago injin matse rake, da keken ɗinki mai allurai da yawa. Ya kuma ƙago wani irin boris mai sa ƙafar inji ta juya ba gardama, ya kafa kamfaninsa cikin 1892, aka yi ta amfani da shi cikin motocin farko. Takardun shaidar ƙirƙira da ya samu sun haura 200. Cikin 1914, shekarar da aka haɗa Arewa da Kudu aka yi Nijeriya, masana ilmin haɗa magunguna suka ba shi lambar girma ta Perkin, shi da bai taɓa zama ajinsu ba. Ya rasu ran 10 ga watan Mayu, 1920, a Short Hills cikin Jihar New Jersey, yana da shekara 82.

Giwa fa, ta tsira? Roba ta rage mata nauyi, gama ba a ƙara bukatar a kashe ta don ƙwallo ko mataji ba. Duk da haka masu kwaɗayin kayan ado ba su daina farautarta ba, har cikin 1989 ƙasashen duniya suka haɗu suka hana cinikin haure tsakanin ƙasa da ƙasa. A Nijeriya giwaye kaɗan suka rage, waɗansu daga cikinsu suna dajin Yankari na Jihar Bauchi, inda ake tsaronsu.

Ita robar kuma ta zo da tata matsalar. Yawancin ta yanzu daga man fetur ake yinta, ba daga auduga ba, ba ta kuwa ruɓewa da wuri. Tsumma da kara in an yar da su ƙasa takan cinye su, amma fasasshen ƙwallon roba da leda sukan daɗe a juji da gona. Sukan toshe magudanar ruwa da damina, akuya ko saniya kuma in ta haɗiye leda takan yi ciwo, wani lokaci har ta mutu. Wannan ita ce tambayar da ke jiran mai amsa a yau, kamar yadda tambayar haure ta jira Hyatt.

Ɗan maƙerin nan ya fita neman abu guda bai same shi yadda yake so ba, amma bai yar da abin da ya tsinta a hanya ba, bai kuma daina gwadawa ba don an yi kuka da aikinsa. Yaron da ke ɗinke ƙwallonsa da ya fashe a Kebbe, ko wanda ke ƙera motar kara da gwangwani a Tambuwal, irin aikin da Hyatt ya fara da shi yake yi. In ya haɗa wannan da karatu, ya fi Hyatt guzuri. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin robar itace da filastik?
2. Don me kamfanin New York ya yi alkawarin ba da dala 10,000?
3. Waɗanne abubuwa Hyatt ya haɗa ya sami seluloyid?
4. Wane wasa ne ya fi amfana da ƙwallon seluloyid?
5. Wace ɓarna leda ke yi wa dabbobi da gonaki, yaya kuma za a rage ta?